Terabait 50 a Faifai Mai Cin Terabait 2: Nazarin Ajiyar Wani Gidan Hoto

## Wurin da yadda suke aiki

Gidan hoton yana Kano, kuma mafi yawan aikinsa ɗaukar biki ne: kamu, ɗaurin aure, dina, wani lokaci suna ko walimar sauka. Mutum uku ne ke da hannu a wannan lamari. Akwai mai gidan, wanda yaran shago ke kira Oga. Akwai matashin da ke tace hotuna da bidiyo, shi ne kuma mai kula da kwamfutoci. Sai wani abokin ƙanin Oga, masanin kwamfuta, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Shi ya girka tsarin ajiyar, sannan ya koma bakin aikinsa a wani gari, ba a samunsa sai ta waya.

Duk aikin shagon yana kan kwamfuta ɗaya mai Ubuntu 20.04, wani nau'in tsarin Linux, da faifai mai cin terabait 4 a cikinta. Kwamfutocin tacewa guda biyu masu Windows ta wayar sadarwar cikin shago suke shiga foldojinta. Kowane biki yana da foldar "Duka", wato abin da aka sauke daga katin kyamara ba zaɓe. Daga nan a kwafi masu kyau zuwa "Zaɓi", daga "Zaɓi" a kwafa zuwa "Album", sannan gidan amarya da gidan ango kowa a ware masa nasa. Hoto ɗaya yana iya zama a wuri biyar ba tare da ko bait ɗaya ya canza ba.

Don ajiyar ko-ta-kwana, Injiniya ya zaɓi BorgBackup, manhajar kyauta da ta ɓalle daga wata manhajar ajiya mai suna Attic a 2015, wadda ake taƙaita sunanta a ce Borg. Ya jona faifan waje mai terabait 2, ya buɗe ma'ajiya ɗaya a kai, ya rubuta umarnin da zai riƙa tashi da kansa kowane dare ƙarfe goma sha ɗaya. A wannan rubutu za a kira ma'ajiyar baki ɗaya rumbu, ajiyar kowane dare kuma kundi.

## Oktoba 2022: daren farko

Ajiyar farko ta ci wajen awa tara. Da safe matashin ya buɗe rahoton, ya ga fayiloli 198,112, sai kuma girma iri uku a jere. A ƙarƙashin Original size, wato girman asali, an rubuta 1.62 TB, ƙarƙashin Compressed size, girma bayan matsewa, 1.58 TB, ƙarƙashin Deduplicated size kuma, girma bayan cire maimaici, 1.05 TB.

Ya koma kan Windows ya danna foldar aiki don ya gwada. Windows ta ce fayiloli 214,306, girma 1.49 TB. Ya danna foldar rumbun, wadda Injiniya ya buɗe masa don dubawa kawai. Nan kuma 978 GB, fayiloli kusan 2,000, kuma ba ɗaya da ke da sunan hoto. Lambobi ne zalla, 1, 2, 3, a cikin wata folda mai suna data.

Oga ya leƙo ya ga allon. "Kai, dubu ɗari biyu da sha huɗu sun koma dubu biyu? Ina sauran hotunan mutane?"

"Oga, wallahi abin da ta nuna ke nan."

An kira Injiniya, ya warware abu biyu a wayar nan. Na farko ma'auni. Borg da dubu-dubu take lissafi, terabait ɗaya a wurinta bait 1,000,000,000,000 ne. Windows kuwa da 1,024 take ninkawa, abin da take kira TB ɗaya bait 1,099,511,627,776 ne, bambancin kusan kashi 10 cikin 100. Saboda haka 978 GB ɗin Windows shi ne dai 1.05 TB ɗin Borg, 1.49 TB kuma daidai yake da 1.64 TB. Na biyu, fayiloli 16,194 da suka ɓace a ƙidaya shi ya cire su da gangan: Thumbs.db na Windows, da ƙananan hotunan leƙe da manhajar tace hoto Lightroom ke tarawa, da tarkacen da manhajar tace bidiyo Premiere ke bari. Duk manhajojin suna sake yin su da kansu. Nauyinsu gaba ɗaya gigabait 20, shi ne tazarar da ke tsakanin 1.64 da 1.62. Haka aka yi Borg ta ƙirga fayiloli ƙasa da na Windows amma ta faɗi girma sama da nata.

Maganar fayiloli dubu biyu da rabin terabait da ya ragu, ya ce, "Yaya, hoton da aka maimaita sau ɗaya take ajiye shi, kada ka damu." Oga ya ce to. Bai gamsu ba, amma akwai ɗaurin aure ranar, aka tashi.

Dare na biyu an gama cikin minti shida. Original size 1.62 TB kamar jiya, Deduplicated size bai kai megabait 5 ba.

## Nuwamba 2022: rumbu na biyu

Bayan dare talatin, layin All archives, wato jimlar duk kundi, ya nuna Original size kusan 50 TB. Faifan kuwa mai terabait 2 ne, kuma 1.12 TB kawai aka ci a ciki. Matashin ya ɗauka lissafin manhajar ne ya rikice. Don ya tabbatar ya buga `borg info` a kan kundin farko, wanda ya gani da idonsa yana da 1.05 TB. Yanzu Deduplicated size ɗinsa ya koma megabait 3.

Wannan ne ya tsorata shi. A fahimtarsa, ajiyar farko ita ce cikakkiya, sauran duk ƙari ne a kanta, to ga cikakkiyar ta zube. Bai faɗa wa kowa ba. Ya buɗe sabon rumbu a kan faifan nan dai, ya fara ajiya daga tushe, da niyyar ya riƙa yin haka kowane wata.

Bai kai ƙarshe ba. Sabon rumbun ya cinye gigabait 850 da suka rage, ya tsaya saboda rashin wuri, ajiyar wannan dare ta tsohon rumbu ma ba ta yiwu ba. Rumbu biyu ba sa ganin cikin juna ko da a faifai ɗaya suke. Kowanne da makullinsa, kowanne da jerin abin da ya sani, don haka sabon ya kama kwasar komai a karo na biyu. Da safe aka goge shi, aka sake kiran Injiniya, wannan karon ya zauna ya yi bayani a tsanake.

Borg ba fayil take ajiyewa a matsayin fayil ba. Yanka shi take yi gutsure-gutsure, ƙaramin gutsure kilobait 512, babba megabait 8, galibi dai wajen megabait 2, fayil ɗin da bai kai ƙaramin ba kuma ya tafi a gutsure ɗaya. Wurin yankan ba a auna shi da tsawo, abin da ke cikin fayil ɗin ne ke nuna inda wuƙa za ta faɗa. Amfanin haka shi ne idan aka cusa wani abu a farkon fayil, gutsattsarin da ke gaba ba sa gocewa, na wurin da aka taɓa kaɗai ke canzawa. Kowane gutsure ana lissafa masa hatimi daga abin da ya ƙunsa. Idan hatimin yana rumbu tuntuni, ba a sake rubuta gutsuren, sai dai a ƙara lissafin masu nuni gare shi. Kundi kuwa jeri ne kawai: sunan fayil, kwanan wata, izini, da hatiman gutsattsarin da za a haɗa a tada shi. Gutsattsarin da kansu ana cusa su a manyan dammai, kowane dami har megabait 500. Raba 1.05 TB da wannan, za ka samu dubu biyun da Oga ya gani.

Game da kundin farko, Injiniya ya kawo misalin gidan gado. 'Ya'ya talatin kowa ya ce "gidanmu", in ka tara maganarsu za ka ce gidaje talatin ne, alhali gida ɗaya ne. Haka Original size na All archives yake. In kuma ka tambayi ɗaya daga cikinsu me ke nasa shi kaɗai, sai ya nuna maka ɗaki guda. Wannan ne Deduplicated size na kundi ɗaya: abin da ba wani kundi da ke tarayya da shi a ciki. A daren farko kundin shi kaɗai ne, komai nasa ne. Da na biyu ya zo ya yi nuni ga gutsattsari iri ɗaya, sai rabonsa na kansa ya koma kusan babu, ba tare da an taɓa ko hoto ɗaya ba. Takardun Borg da kansu sun yi gargaɗi cewa in ka tara wannan lamba ta kowane kundi ba za ta ba ka girman rumbu ba.

Magana kaɗai ba ta wadatar da Oga ba, don haka aka yi gwaji. Matashin ya buɗe kundin farko da `borg mount`, wanda ke nuna kundi kamar folda ta yau da kullum. Oga ya ambaci wani biki, aka shiga, aka buɗe hotuna a "Duka", aka buɗe su a "Gidan ango", aka kunna bidiyon dina har ƙarshe. Komai yana nan.

A ranar ne Injiniya ya ƙara `borg prune`, mai goge tsofaffin kundi, a umarnin dare, da sharaɗin a riƙe kundi 7 na kwanaki, 4 na makonni, 6 na watanni. Jimla 17. Lambar All archives ta sauko daga 50 zuwa ƙasa da rabinta, faifan kuma da ƙyar ya motsa.

## Disamba 2022: darare biyu da suka saɓa

Wata rana matashin ya sake tsara foldoji bisa shekara, ya matsar da gigabait 400 zuwa sababbin wurare. Ajiyar daren ta haura awa biyu, amma abin da ya ƙaru a rumbu bai wuce megabait 20 ba. Dalili shi ne Borg tana riƙe da wani littafin tuni na fayilolin da ta riga ta gani, inda take duba girma da lokacin canji don ta tsallake wanda bai motsa ba. Da cikakken adireshin fayil take neman sa a littafin. Adireshi ya canza, dole ta sake karantawa ta sake yankawa, sai ta tarar duk hatiman suna nan. Lokaci ya tafi, wuri bai tafi ba.

Bayan mako guda aka ga kishiyar haka. Ba a ɗauki sabon biki ba, ƙidayar fayiloli ta ƙaru da uku kacal, rumbu kuma ya ƙaru da gigabait 86. Ashe bukukuwa uku aka dunƙule a ZIP don a tura wa dangin da ke ƙasashen waje. Hotunan nan ne dai, amma matsewar ZIP ta sauya tsarin bait ɗinsu, ba hatimin da ya dace da na da. Idon mutum yana ganin hoto ɗaya, manhaja kuwa bait take gani. Haka abin yake ga hoton da ya bi ta WhatsApp ya dawo, da bidiyon da aka sake fitarwa daga Premiere don an gyara rubutun suna a ƙarshe. An goge ZIP ɗin bayan kwana biyu, amma sun ci gaba da zama a rumbu har kundin ƙarshe da ke nuni gare su ya fita. Aka sa foldar turawa a jerin abin da ba a ajiyewa.

Nan ne kuma aka fahimci dalilin da ya sa Compressed size ke manne da Original size. JPEG da MP4 a matse suke zuwa tun daga kyamara, kuma lz4, matsewar da Borg ke amfani da ita in ba a ce mata komai ba, ba ta samun abin kirki a kansu. A daren farko matsewa ta rage gigabait 40, cire maimaici ya rage 530.

## Maris 2023: sabuntawa a cikin azumi

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, biki ya yi sauƙi, Injiniya ya shigo gari ya ɗaga kwamfutar zuwa Ubuntu 22.04. Wannan ya canza Borg daga 1.1 zuwa 1.2.0. Ya gwada umarnin dare, ya tashi lafiya, ba saƙon kuskure ko ɗaya. Rumbu yana 1.38 TB a lokacin.

Bayan Ƙaramar Sallah, 21 ga Afrilu, bukukuwa suka dawo a jere. Rahoton kowane dare yana fitowa daidai, kundi 17 ba ƙari ba ragi. Rahoton bai ƙunshi sauran wurin da ke faifan ba, kuma ba wanda ya duba.

## Yuli 2023: faifai ya cika

An yi Babbar Sallah 28 ga Yuni. A ƙarshen makon shagon ya ɗauki wani babban biki, gigabait 170 a foldar aiki in an haɗa da kwafe-kwafe. Daren 1 ga Yuli ajiya ta tsaya da saƙon "Insufficient free space to complete transaction", wato wuri bai isa ba, ta janye abin da ta fara rubutawa. Kundi na ƙarshe da ya kammala shi ne na 30 ga Yuni, mai Original size 2.45 TB. An ci gigabait 1,870 a faifan, saura wajen 100.

Matakin farko na Oga ne. Ya ce a goge bukukuwan 2021 daga kwamfutar aiki, tunda an daɗe da miƙa wa masu su. Fayiloli 41,230, gigabait 300. A lissafinsa faifan ajiya ma zai sauke 300. Daren nan ajiya ta sake tsayawa, faifan yana nan a 1,870. Duk kundi 17 suna nuni ga hotunan nan, goge su daga foldar aiki bai shafi rumbu ba.

Mataki na biyu na matashin ne. Ya goge kundi goma da `borg delete`, shida na kwanaki da huɗun makonni. Layin Deleted data ya nuna wajen 24 TB a Original size, amma gigabait 31 kawai a Deduplicated size. Wannan bai ba shi mamaki ba, ya tuna bayanin Nuwamba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ko 31 ɗin bai gani a faifai ba. Ajiya ta tsaya a dare na uku.

Ya yi niyyar ci gaba da goge na watanni, sai ya fasa ya kira Injiniya. Shi kuma ba a same shi ba sai washegari. Dare huɗu ke nan sabon bikin yana zaune a faifai ɗaya tak, kuma an riga an share katunan kyamara don aikin gaba.

## 5 ga Yuli: abin da ya yi aiki

Injiniya ya ce kada a sake goge komai. Ya nemi lamba biyu a ma'auni ɗaya: Deduplicated size na All archives daga `borg info`, da abin da `df -BGB`, umarnin duba cikar faifai, ya nuna an ci. Ta farko 1.68 TB, ta biyu gigabait 1,870. Tazarar ta kai 190, kuma ba wani abu a faifan sai rumbu.

Amsar tana cikin takardar canje-canjen Borg 1.2, wadda ta fito a Fabrairun 2022. A 1.1, duk lokacin da aka goge kundi, manhajar da kanta take bin dammai ta kwashe gutsattsarin da ba mai nuni gare su ta saki wurin. A 1.2 an raba aikin gida biyu. `prune` da `delete` alama kawai suke sawa cewa gutsure ya zama marar amfani, sakin wuri kuma sai an kira `borg compact` daban. Umarnin daren shagon an rubuta shi ne a zamanin 1.1. Tun daga Maris kowane dare yana sa alama, ba mai kwashewa. Gigabait 160 suka taru a haka, 31 na kundi goman suka hau kai. Lissafin `borg info` yana sauka saboda gutsattsarin da ake nuni gare su yake ƙirgawa, faifai kuma yana ɗauke da dammai yadda suke.

An kunna `borg compact`. Yadda yake aiki shi ne ya kwafe gutsattsari masu rai daga tsohon dami zuwa sabo sannan ya share tsohon, don haka shi ma yana buƙatar ɗan fili, kuma gigabait 100 da suka rage sun ishe shi. Da ya gama faifan ya sauko zuwa 1,687, an samu 183. Ragowar takwas ɗin sun zauna saboda ba ya taɓa damin da ribar share shi ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, sai an sauya masa wannan iyaka.

Daren nan ajiya ta kammala: Original size 2.32 TB, Deduplicated size gigabait 120. Sabon bikin mai 170 ya ci 120.

Saura bukukuwan 2021. Injiniya ya auna ya ga gigabait 300 ɗin nan 175 ne a rumbu, kuma ba za su fita ba sai kundin ƙarshe da ke ɗauke da su ya faɗi daga jerin watanni shida, wato wajen ƙarshen shekara. Akwai `borg recreate`, da zai iya tsame su daga kowane kundi nan take, amma abin da ya tsame ba ya dawowa. Ya tambayi Oga, "Yaya, tsakani da Allah kana so su tafi, ko wuri kawai kake nema?"

Oga ya ce wuri yake nema. Mutane suna dawowa neman hoton bikinsu bayan shekaru, musamman in an yi rashi a gidan.

Faifan aiki mai terabait 4 bai taɓa cika ba, saboda haka aka dawo da su daga kundin 30 ga Yuni da `borg extract`. Fayiloli 41,230 suka fito, ƙidayar ta yi daidai da wadda aka goge, suka mamaye gigabait 300 a faifan aiki, kowane kwafi a foldarsa. A ajiyar daren, Original size ya hau zuwa 2.62 TB, rumbu kuwa 'yan megabait ya ƙara, tunda duk hatiman suna ciki.

## Agusta 2023 zuwa gaba

An sayo faifai mai terabait 4. Rumbu folda ce kamar kowace, don haka kwafe shi aka yi ɗungurungum da `rsync`, dammai wajen 3,500. Aka bi shi da `borg check --verify-data`, wanda ke karanta kowane gutsure ya gwada shi da hatiminsa, ya kwana yana yi bai sami matsala ba. Tsohon faifan an cire shi an ajiye ba a sake rubutu a kai ba, domin takardun Borg sun hana a ci gaba da rubutu a kwafi biyu na rumbu ɗaya mai makulli.

An gyara umarnin dare ya zama `create`, sai `prune`, sai `compact`. An kuma sa `additional_free_space` don Borg ta riƙa barin fili kada faifai ya toshe ƙaf. Rahoton da ke zuwa wayar matashin kowace safiya ya koma layi huɗu: yawan fayiloli da Original size na kundin jiya, abin da ya ƙaru a rumbu, girman rumbu baki ɗaya, da sauran wuri a faifai. Layin All archives na Original size an cire shi, don ba tambayar da yake amsa wa kowa a shagon.

## Hukunci

A duk tsawon wata goman nan ba lambar da Borg ta bayar da ba daidai ba. Kowace tana amsa tambayarta ne, mutanen shagon kuma suna yi mata wata tambayar. Wanda ke son sanin ko an kwashi komai, yawan fayiloli da Original size na kundi ɗaya zai duba, bayan ya cire abin da aka keɓe ya kuma daidaita ma'auni. Ita ce kuma lambar da za a sayi faifai da ita ranar da na aiki ya mutu, domin dawo da ajiya yana mayar da kowane kwafi cikakke: rumbu mai 1.81 TB faifai mai cin 2.62 TB yake nema. Wanda ke son sanin abin da zai samu in ya goge kundi, Deduplicated size na wannan kundin ne amsarsa, kuma amsar ta yau ce kawai, tana iya ƙaruwa gobe in aka goge maƙwabcinsa da suke tarayya. Ƙidayar fayilolin cikin rumbu ba ta nuna komai game da hotuna.

Wannan ba halin Borg kaɗai ba ne. A restic, wata manhajar ajiya irinta, `forget` yana cire ajiya daga jeri, `prune` ne ke sakin wuri, kuma `stats` yana ba da girman da za a samu in an dawo da fayiloli sai an ce masa `raw-data` sannan ya faɗi abin da ke rumbu. A rsnapshot, ita ma manhajar ajiya, inda fayil ɗaya ke da suna a foldoji da yawa, umarnin auna folda `du` yana ɗora nauyin duka a kan foldar da ya fara ƙirgawa, sauran su fito kamar fanko.

Ainihin lahanin injin guda ɗaya ne, rashin `compact` bayan sabuntawa, kuma karanta takardar canje-canje a Maris da ya hana shi. Ya ɓuya wata uku ne saboda rahoton dare yana kallon lissafin manhaja ba ya kallon faifai. Shi kansa `compact` ɗin ba zai daɗe yana ceton su ba, domin aikin ya riga ya fi ƙarfin terabait 2.

Abin da ya fi hatsari kuwa matakan mutane ne. Rumbu na biyu ya ci dare ɗaya kawai. Goge kundi goma ya jawo asara ta gaske: bayan `compact`, gigabait 31 na gyare-gyaren tsaka-tsaki na watan Yuni sun tafi, kuma ba a iya komawa wata rana a cikin watan sai ta ƙarshe. Mafi muni shi ne haɗuwar matakai biyu na Yuli. Daga lokacin da Oga ya sa aka goge bukukuwan 2021 daga kwamfutar aiki, rumbu ne kaɗai ke riƙe da su, matashin kuma yana rage kundin da ke nuni gare su ɗaya bayan ɗaya, kowannensu bai san abin da matakin ɗan'uwansa ya jawo ba. Kundi bakwai suka rage lokacin da ya tsaya ya kira waya.

Abu ɗaya ba a gyara ba har lokacin rubuta wannan. Faifan aiki da na ajiya a ɗaki ɗaya suke, a kan wuta ɗaya. Injiniya ya ba da shawarar a buɗe rumbu dabam a faifan da za a riƙa kaiwa gida, ya kuma faɗa tun da wuri cewa darensa na farko zai ci wajen 1.7 TB, don kada a sake kiransa a kan lambar. Oga ya ce sai bayan bukukuwan Disamba.